Darasi na 7: Me ke tsinka kunu?

Toh iyayena da yayyena, yau a kicin za mu fara karatu. Duk matar da ta taɓa ba yaro koko ta san wannan abin, kin dama shi da kauri, kina ba shi kina mayar da cokalin cikin kofi, kafin ki ankara sauran ya tsinke ya zama ruwa tsululu alhali ko ɗigon ruwa baki ƙara ba. Wasu suce gasarar ce ba kyau. A'a, yawun yaron ne da cokali ya kwaso.

A cikin yawu akwai wani sinadari mai suna amiles, ɗaya ne daga cikin dangin da masana ke kira enzayim. Mu faɗa tare: en-za-yim. Jiki ne ke ƙera su da kansa, mafi yawansu furotin ne, kuma ba mutum kaɗai ba, dabba da tsiro har ƙwayar cuta kowa na da nasa. Aikinsu hanzarta abu. Sitacin da ke cikin gero kamar dogon carbi yake, ƙwayoyin suga ne aka jera a zare ɗaya, in aka barshi haka nan zai daɗe bai warware ba, amma amiles na zuwa sai ya hau tsintsinka zaren gutsi-gutsi, kauri ya tafi zaƙi ya fito. Shi kuma baya ƙarewa a aikin, yana gama wannan zai kama na gaba. Shi yasa ɗan abin da ya manne a cokali ya isa ya tsinka kofi guda.

Amma fa kowanne da sana'arsa. Wani masani Bajamushe, Emil Fischer, a 1894 ya kwatanta abin da kwaɗo da mabuɗi, mabuɗin ɗakinki bazai buɗe shagon maƙwabci ba. Amiles sitaci kawai ya sani, nama sai fefsin da ke cikin tumbi, wanda shi kuma sai cikin tsamin asid yake iya aiki. Sugan madara na da nasa, laktes, kuma manya da yawa nasu ya ragu, shine zaka ga mutum ya sha madara ciki ya hau ƙugi da kumburi amma nono mai tsami bai cika damunsa haka ba.

Yanzu masu kunun zaƙi ku matso, don wallahi kun daɗe kuna wannan ilimin sunan ne kawai baku sani ba. Kina raba ƙullu biyu, ki sheƙa tafasasshen ruwa a kaso ɗaya yayi kauri, ɗayan da kika niƙa da ɗanyen dankalin Hausa ko tsiron shinkafa ki ajiye shi gefe, sai na farkon ya sha iska kike haɗawa ki rufe ya kwana. Me yasa ake jira? Saboda zafi mai yawa na lalata siffar enzayim kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko baya komawa, mabuɗi ya lanƙwashe kenan. In kikayi gaggawa kika zuba a tafasasshe, sai dai kiyi ta loda suga da safe ribar ta tafi. Sanyi kuma baya kashe shi, kasala kawai yake sa masa, shi yasa abinci ke jimawa a firij. Na jikinmu sunfi jin daɗin aiki a wajen digiri 37, wato ɗumin jikin mutum. Ita ma hatsin ba don mu take yin amiles ba, in ta fara tsira ne take narkar da sitacinta ta ciyar da ɗan tsiron, kuma daga tsiron sha'ir wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka fara ware shi a 1833.

Ganyen gwanda da ake naɗe nama mai tauri da shi ma haka ne, wani enzayim mai suna fafayin ke cikin farin ruwan ganyen yana yanyanka furotin.

Aikin gida. A jiƙa gero ko dawa, a tsane a rufe da tsumma mai laima kwana 2 zuwa 3 har ya tsira, a shanya ya bushe sosai a daka a tankaɗe. In yayi funfuna a zubar. A dama koko mai kauri a raba kofi uku. Na ɗaya kar a sa komai, na biyu a sa rabin ƙaramin cokali na garin yana da ɗumi, na uku a fara tafasa garin a ɗan ruwa minti 5 kafin a zuba. A jira minti 10 a juya da cokali, kowa ya rubuta a littafinsa wanne ya tsinke wanne bai tsinke ba.

Masu yaye, gara sa wannan garin da ƙara ruwa, kunun zai yi laushin da yaro zai iya haɗiya ba tare da an cika masa ciki da ruwa ba. Sai dai bayan ya tsinke a mayar wuta ya tafasa, ya huce sannan a ba yaro. Ranar aji mai zuwa kowa yazo da littafinsa da ɗan garin a ƙulle a leda.