Albashin manajan aiki a ƙasar waje: ka bar buga lissafi da naira

Da na zo gida hutun babbar sallah, muna zaune a ƙofar gida a Jekadafari bayan la'asar, sai ɗan yayana ya miƙo mini wayarsa. Shekara shida ke nan yana riƙe da ayyukan wata ƙungiyar agaji tsakanin Gombe da Maiduguri, yanzu kuma wani kamfanin gine-gine a Ingila ya yi masa tayin fam 45,000 a shekara. "Bappa, dubi nan," in ji shi. Ya riga ya juya kuɗin zuwa naira, sifili sun yi layi har sun kusa fita daga fuskar wayar. Na ce masa ya goge, ya kawo takarda da biro.

Wannan lissafin da muka yi shi nake so duk mai shirin tafiya ya yi. A Ingila albashin da ake rubutawa a takardar tayi na shekara ne, kuma kafin haraji. Fam 12,570 na farko babu haraji a kansu. Abin da ya haura, har zuwa 50,270, gwamnati na ɗaukar kashi 20 cikin 100, ga kuma kashi 8 na inshorar ƙasa, wani kuɗin tilas da ake cirewa a albashi. Idan aka cire waɗannan daga 45,000, abin da zai shigo asusunka a wata bai cika fam 3,000 ba, ba a ma taɓa na fansho ba tukuna. Daga nan ne haya za ta ci, harajin ƙaramar hukuma ya ci, wuta da gas su ci, musamman lokacin sanyi. Yankin Sikotilan kuwa yana da nasa matakan haraji daban.

Garin da aikin yake shi ne rabin magana. Landan ta fi ko'ina biya, har ma'aikatu da yawa suna ƙara alawus na musamman don tsadar garin. Hukumar lafiya ta ƙasar tana ƙara wa ma'aikatanta na tsakiyar birnin kashi 20, na kewaye kashi 15. Amma hayar gida a Landan ta haura ninki biyu na ta arewa maso gabashin Ingila. Na ga mutum mai albashi ƙasa da nawa a Lids yana zaune da iyalinsa a gida mai ɗaki uku, ni kuma a lokacin ina Landan ina raba kicin da mutum huɗu, ina rubuta sunana a jikin kwalin madara. Ka kuma lura da biza: tun watan Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru ya koma fam 41,700, kuma kowace sana'a tana da nata ma'aunin, wanda ya fi yawa shi ake bi.

Amurka lambobinta sun fi girma. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar ta sa matsakaicin albashin manajan aiki a dala 98,580 a 2023. Sai dai can kowace jiha gashin kanta take ci: Tekzas da Fulorida ba sa karɓar harajin jiha a kan albashi, Kalifoniya kuwa tana cikin masu tsanani, ga tsadar gida. Kuma inshorar lafiya a jikin aikinka take, don haka ka tambayi nawa za a riƙa cire maka na mata da yara kafin ka yi murna.

Mutanenmu da yawa Saudiyya da Dubai suka fi kwanta musu a rai, kuma ban ga laifinsu ba, babu harajin albashi, ga masallaci kusa, ga Umara. Abin lura a can shi ne yadda ake yanka albashin gida-gida: gundarin albashi, kuɗin gida, kuɗin mota. A Daular Larabawa, inda Dubai take, kuɗin sallama na ƙarshen aiki da gundarin kawai ake lissafa shi, kwana 21 a kowace shekara na shekaru biyar na farko, bayan nan kwana 30. Kamfanin da ya kumbura alawus ya tsuke gundarin ya san abin da yake yi.

Sunan muƙamin ma yana ruɗi. Mai kula da ginin asibiti, da mai kula da haɗa manhajar banki, da mai rabon kayan agaji, duk manajan aiki ake ce musu, amma kamfanonin fasaha, harkar kuɗi da man fetur sun fi ƙungiyoyin agaji da ƙananan hukumomi biya nesa ba kusa ba. Kada ka raina abin da ka yi a gida. Wanda ya kai siminti da ma'aikata ƙauye da damina, ya kuma rufe lissafi a kan lokaci, ya san aikin. Sai dai su can takardar shaidar ƙwarewa a wannan aikin suke fara dubawa: PRINCE2 ko ta APM a Ingila, PMP a Amurka da ƙasashen Larabawa. Ka rubuta girman kuɗin da ka riƙe, yawan mutanen da ke ƙarƙashinka, da watannin da aikin ya ci.

Ɗan yayan nawa ya koma ya tambayi kamfanin garin da za su ajiye shi, da wanda zai biya kuɗin biza da na lafiyar iyali. Suka ce Bamingam ne, na bizarsa za su biya, na matarsa da yara biyu a aljihunsa. Ya nemi ƙari, suka sa dubu uku a kai. Har yanzu yana shawara da mahaifiyarsa.