Yadda ake girka Python a kwamfuta da rubuta matatar wasiƙun imel

Yawancin masu son koyon rubuta manhaja a wajen shirya kwamfuta suke karaya, tun kafin su rubuta layi ɗaya. Waɗanda suka tsallake nan kuma sai su rasa abin da za su gwada hannu a kai. Shi ya sa na haɗa abubuwan biyu a nan: za mu girka Python, sannan mu sa ta wani aiki da kowa ke buƙata, wato ta bi tarin wasiƙun imel ta ware masu amfani daga tarkace.

Girka Python

Guido van Rossum ne ya fitar da Python a 1991. Akwai tsohon zubi mai lamba 2 da aka daina kula da shi tun ranar 1 ga Janairun 2020, don haka duk darasin da ya ce ka sauke shi, wuce shi. Zubi na 3 kake so.

In Windows kake amfani da ita, je python.org ka sauke. A shafin farko na girkawa, can ƙasa, akwai ɗan akwatin da aka rubuta "Add python.exe to PATH". Danna shi kafin ka ci gaba. PATH jerin wurare ne da kwamfuta ke dubawa idan ka kira wata manhaja da sunanta. In Python ba ta cikin jerin, za ka rubuta `python` kwamfutar ta ce ba ta san shi ba, alhali yana nan zaune a cikinta. A Ubuntu ko Debian umarni ɗaya ya isa:

```
sudo apt install python3 python3-venv
```

Buɗe tagar umarni, wato inda ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye (PowerShell a Windows, Terminal a Linux da Mac), ka rubuta `python --version`, ko `python3 --version` a Linux da Mac. Lamba ta fito mai farawa da 3? An wuce wurin.

Wajen rubutu kuwa, VS Code na Microsoft kyauta ne kuma ya wadatar. Kada dai ka rubuta manhaja a cikin Word, domin yana sauya alamomin zance zuwa masu lanƙwasa, Python kuma ba ta gane su.

Keɓe wa aikin ɗakinsa

Ƙirƙiri folda mai suna `matata`, ka shiga cikinta ta tagar umarni, ka rubuta wannan (a Linux da Mac sa `python3` a madadin `python`):

```
python -m venv .venv
```

Wannan yana gina keɓaɓɓen muhalli na wannan aikin kaɗai. Duk ƙarin kayan da ka sauke da `pip`, manhajar da ke sauko wa Python ƙarin kaya, a nan za su tsaya, ba za su cuɗanya da na wani aikin ba. Matatar tamu ba ta buƙatar ƙarin kaya, gaskiya, amma gara ka saba tun yanzu. Sababbin zubin Debian da Ubuntu ma ƙin yarda suke a yi `pip install` a wajen irin wannan muhalli.

Ana kunna shi da `.venv\Scripts\activate` a Windows, ko `source .venv/bin/activate` a Linux da Mac. Za ka ga sunan muhallin ya bayyana a farkon layi. In PowerShell ta yi gardama ta cika maka fuska da jan rubutu, ba ta wannan umarni sau ɗaya, sannan ka sake gwadawa:

```
Set-ExecutionPolicy -Scope CurrentUser RemoteSigned
```

Samo wasiƙun

Akwai wani daɗaɗɗen tsari da ake kira mbox: fayil ɗaya ne dogo da aka jera wasiƙu a ciki, kowace tana farawa da layin da kalmarsa ta farko "From" ce. Mai Gmail zai iya kwaso nasa a wannan tsari ta Google Takeout, manhajar imel ta Thunderbird ma da shi take adanawa. Yi kwafin fayil ɗin zuwa foldar aikinka da sunan `wasiku.mbox`. Kwafi na ce. Na asalin ka bar shi inda yake.

Rubuta matatar

Buɗe sabon fayil, `tace.py`. Abu na farko shi ne karanta kan wasiƙa, inda sunan mai aikowa da taken saƙo suke:

```python
import mailbox
import re
from email.header import decode_header, make_header

def karanta(sako, kai):
    danye = sako.get(kai, "")
    try:
        return str(make_header(decode_header(danye))).lower()
    except Exception:
        return str(danye).lower()
```

Me ya sa ba mu ɗauko taken kai tsaye ba? Saboda an tsara kan imel ne don haruffan Ingilishi zalla. Taken da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ a ƙudundune yake zuwa, ka ga wani abu mai farawa da `=?UTF-8?` sai tarin haruffa marasa kan gado. `decode_header` ce ke warware shi. Ita kuma `lower` tana mayar da komai ƙananan baƙaƙe, har da Ƙ da Ɗ da Ɓ, don kada babban harafi ya sa kalma ta kuɓuce.

Yanzu sai dokokin, kuma nan ne nake so ka fi mai da hankali. Abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ya ce duk wasiƙar da ke da kalma kaza a goge ta. Ban yarda da wannan hanya ba. Kalma ɗaya ba ta isa a yanke wa wasiƙa hukunci ba, don abokin aikinka ma yana iya rubuta "garaɓasa" a takensa. Abin da ya fi shi ne ba da maki: kowace doka ta ƙara ko ta rage, a ƙarshe a haɗa jimla.

```python
dokoki = [
    ("Subject", "garaɓasa", -4),
    ("Subject", "rance", -4),
    ("List-Unsubscribe", "https", -3),
    ("From", "shugaba@example.com", 10),
]

def maki(sako):
    jimla = 0
    for kai, kalma, lamba in dokoki:
        tsari = r"\b" + re.escape(kalma) + r"\b"
        if re.search(tsari, karanta(sako, kai)):
            jimla += lamba
    return jimla
```

Dubi doka ta uku. `List-Unsubscribe` wani layi ne da masu aika saƙo ga dubban mutane a lokaci guda suke sakawa a kan wasiƙa, mutum ɗaya mai rubuto maka ba ya saka shi. Sau da yawa ya fi kowace kalma tona asirin talla. Doka ta huɗu kuma garkuwa ce: wanda ka ba maki 10, ko dokokin ragi ukun duka sun hau kan wasiƙarsa, da ƙyar jimlar ta gangara ƙasa da sifili, in biyu ne kuwa ta tsira sarai.

Wannan `\b` da ke gaba da bayan kalma yana nufin iyakar kalma, kuma sai da na sha wuya na san darajarsa. A matatata ta farko babu shi. Na sa "rance" don in kama masu tallan bashi, da na duba tarkacen sai ga wasiƙar inshora da ta tikitin jirgi a ciki. Ashe haruffan nan biyar suna kwance a cikin "insurance" da "France" da "entrance". Kwamfuta ba ta san Hausa ba, ba ta san Turanci ba, jerin haruffa kawai take gani.

Saura rabawar:

```python
tushe = mailbox.mbox("wasiku.mbox", create=False)
nagari = mailbox.mbox("nagari.mbox")
tarkace = mailbox.mbox("tarkace.mbox")
nagari.clear()
tarkace.clear()

for sako in tushe:
    m = maki(sako)
    if m < 0:
        tarkace.add(sako)
        print(m, karanta(sako, "Subject"))
    else:
        nagari.add(sako)

nagari.close()
tarkace.close()
```

Kada ka cire `create=False`. In babu shi kuma ka yi kuskuren sunan fayil, Python za ta ƙirƙiri sabon fayil fanko da wannan sunan, ta gama aiki shiru ba tare da ta tace komai ba, kai kuma ka zauna kana neman laifi a cikin dokoki. Layukan `clear` biyun suna share sakamakon baya, in ba haka ba duk gwaji sai wasiƙun su ninku. Kula da tazarar farkon layi ma: a Python ita ke nuna abin da ke ƙarƙashin wane, kuma al'ada ita ce gurbi huɗu.

Gwada, ka gyara

Rubuta `python tace.py`. Taken duk wasiƙar da aka jefa tarkace zai fito tare da makinta. Karanta jerin nan da idonka, layi bayan layi, don a nan ake gane aya da tsakuwa. Ka ga wasiƙar kirki a ciki? Ko dai ka rage ƙarfin dokar da ta kama ta, ko ka ba mai aikowa maki masu yawa. Talla ta sulale cikin nagari? Buɗe `nagari.mbox` a VS Code, ka duba kanta, ka nemo abin da ta yi tarayya da 'yan'uwanta a kai. Galibi adireshin mai aikowa ya fi take tabbas, domin take kullum sauyawa yake.

Doka ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji. In ka taɓa uku a tare sakamako ya lalace, ba za ka san wacce ta jawo ba. Dokokin suka fara yawa kuwa, girka Git, mai adana tarihin sauye-sauyen fayil, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, ka yi `git init` a foldar, ka riƙa adana `tace.py` duk lokacin da ta yi aiki daidai don ka iya komawa baya. Sai dai ka ƙirƙiri fayil mai suna `.gitignore` ka rubuta `*.mbox` da `.venv` a ciki, kowanne a layinsa, kada wata rana ka ɗora aikin a intanet wasiƙunka na sirri su bi shi.