Darasi na 7: Aikin Rage Tumbi, Shirinsa da Jinyarsa

A garinmu idan mace ta yi jiki sai a ce hutu ya karɓe ta, idan namiji ya ajiye teɓa a ce Alhaji ya samu. Har akwai ƴan mata masu sayen ƙwayoyin sha-ka-fashe a hannun masu tallar magani don su cika kafin biki. Saboda haka na san wasu a ajin nan za su yi mamaki su ji ana yanka cikin mutum don ya rame. Ni ma na yi mamakin, har sai da abin ya zo gidanmu.

Yayata ƴar kasuwa ce, atamfa take sayarwa. Nauyinta ya kai kilo 120, ga ciwon sukari, ga hawan jini. Sallah a zaune take yi saboda gwiwa. Da dare munsharinta yakan yanke, numfashi ya tsaya, sai ta zabura. Ta yi shekaru tana rage ci, ta sauke kilo biyar, ta mayar da takwas. Daga ƙarshe likitanta ya kawo maganar aiki, ta tafi ƙasar waje aka yi, ta dawo Maradi jinya a hannuna. Aikin bai kai awa biyu ba. Jinyar ce ta ɗauki watanni, kuma rabinta a madafa aka yi ta. Don haka wannan darasi na mai ciwon ne da kuma wanda zai dafa masa.

Wa ake yi wa aikin?

Ba kowane mai jiki ba. Likita yana auna nauyi da tsawo ya fitar da wani lissafi da za ku gani a takarda da haruffa IMC. Ku ɗauko alli mu yi tare. Tsawon Yaya mita 1,60 ne. A ninka 1,60 sau 1,60, ya ba da 2,56. A raba kilo 120 da 2,56, a samu kusan 47. Lissafin mai matsakaicin jiki yana tsakanin 18,5 da 25. Daga 30 ƙiba ta zama ciwo. Ƙa'idar da likitoci suka daɗe a kanta ita ce a yi aiki ga wanda ya kai 40, ko wanda ya kai 35 kuma yana da sukari, hawan jini ko yankewar numfashi cikin barci, bayan an gwada gyaran abinci da motsa jiki abin ya faskara. A shekarar 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sassauta ƙa'idar, musamman ga masu ciwon sukari, amma har yanzu likita ne mai yanke hukunci, ba ƙawa ba, ba kuma hoton da aka gani a Facebook ba.

Aikin da aka fi yi iri biyu ne. A na farko ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba. Abin da aka cire ba ya dawowa. A na biyu ana ware ƴar jaka daga saman tumbi, girmanta kamar ƙwai, a haɗa ta kai tsaye da hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Duka biyun yawanci ba a tsaga ciki: ƙananan huji huɗu ko biyar ake yi, a zura kyamara da kayan aiki. Mutum yakan sauke wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyinsa a shekara ɗaya zuwa biyu, kuma sukarin mutane da yawa yana sauka sosai.

Kafin ranar

Shirin yakan ɗauki watanni. Za a yi gwajin jini, a duba zuciya, sau da yawa a zura kyamara ta baki a leƙa tumbi. Ku faɗa wa likita duk abin da kuke sha, har da saiwa da jiƙo da ƙwayar da aka saya a kan tebur. Ɓoye wannan na iya jawo zubar jini a ɗakin aiki. Mai shan taba ya bari aƙalla mako shida kafin aiki, domin hayaƙi yana hana ɗinki kamawa.

Kimanin mako biyu kafin ranar, za a hana tuwo, shinkafa, taliya, burodi, mai da sukari, a bar mutum da nono marar sukari, ganye, kifi da nama marar kitse. Yaya ta yi ƙorafi ƙwarai: "To in zan iya wannan, mi ya kai ni ga wuƙa?" Dalilin shi ne hanta. Hantar mai ƙiba tana tara kitse ta kumbura, ga shi kuma a kan tumbi take kwance. Wannan ɗan horo yana sa ta saɓe, likita ya samu hanyar ɗaga ta ya yi aikinsa lafiya.

Wanda zai fita waje, kada ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya hau jirgi sai likitan da ya yi aikin ya yarda. Ya karɓo takardar da ta bayyana irin aikin da aka yi. Abin da ya fi wannan duka: tun kafin tafiya ya samu likita a nan gida wanda ya amince zai riƙa duba shi. Wanda ya yi aikin yana can nesa, ciwo kuma ba ya jiran biza.

Kwanakin farko

A asibiti akan yi kwana ɗaya zuwa uku. Tun ranar aikin za a ce a tashi a taka. Kada ku ga kamar rashin tausayi ne. Kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, kuma wannan yana kisa. A gida ma haka: zagaya tsakar gida sau da yawa a yini. Amma ban da ɗaukar bokitin ruwa, ban da daka, ban da goyo, har mako huɗu zuwa shida.

Sabon tumbi jariri ne, kuma yadda ake yaye haka ake bi da shi. Wajen mako biyu na farko ruwa-ruwa kawai: ruwa, romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe mai, nono tsararre marar sukari. Mako biyu na gaba abin da aka dama ya yi laushi kamar kunu mai kauri: kindirmo, wake da aka cire wa ɓawo aka dafa ya narke, kifi da aka murje, kabewa. Daga nan abinci mai taushi, sai wajen mako shida zuwa takwas a koma cin na kowa, kaɗan-kaɗan. Kowane asibiti yana da jadawalinsa, na likitanku za ku bi.

Ma'aunin da muka yi amfani da shi a gida ƙaramin kofin shayi ne. Na tuna ranar da na miƙa wa Yaya romo a cikinsa. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ke, wasa kike?" Ta kurɓa sau uku da ƙaramin cokali, ta dafa ƙirji ta ce ta ƙoshi. Sai ta fashe da kuka. Matar da ke tashi da kwanon tuwo ita kaɗai. Ku shirya wa wannan kukan, yana zuwa wa mutane da yawa, domin ido da zuciya ba su san an rage tumbi ba.

Ruwa, musamman da bazara

Nan ne hatsarinmu ya fi na mutanen ƙasashen sanyi. A watan Afrilu da Mayu zafin Maradi yana wuce digiri 40, mai sabon tumbi kuma ba ya iya ɗaga moɗa ya shanye. Ana so ya sha aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, wato ledar ruwa uku mai rabin lita, amma kurɓi-kurɓi daga asuba har dare. Mun cika buta uku kowace safiya muka jera su inda take zama, don kowa ya ga nawa suka rage. Ku duba fitsari: idan ya yi ja ya ragu, ga jiri da bushewar baki, ruwa ya yi kaɗan. Wanda zai iya zaɓar lokacin aikinsa, ni dai shawarata ya nemi lokacin sanyi.

Ba a haɗa ci da sha. A dakata da ruwa kamar minti 30 kafin abinci da minti 30 bayansa, domin wurin bai isa duka biyun ba. Lemun kwalba mai gas kuwa a yi ban kwana da shi.

Ƴan dubiya

Ga kuskuren da na yi. Wata na biyu, ƴan'uwa suka zo dubiya daga Tibiri da ƙwaryar fura, an dama da nono an zuba sukari son rai. Gwaggonmu ta ce, "Ɗiyata, dubi yadda kika zube! Sha ko ludayi biyu, fura ba ta kashe kowa." Na ji nauyin hana babba, na yi shiru. Ba a yi minti ashirin ba gumi ya karyo wa Yaya, zuciyarta na bugawa kamar ganga, ciki na murɗawa, ta kwanta a tabarma tana cewa duniya na juyawa. Abin da ya faru shi ne sukari ya zarce cikin hanji gaba ɗaya, ya janyo ruwan jiki zuwa can. Ya fi samun wanda aka yi wa aiki iri na biyu. Yakan wuce in an kwanta, amma wanda ya ɗanɗana ba ya so ya sake.

Tun ranar na koyi magana. Nakan tari baƙi tun daga zaure in ce, "Gwaggo, lokotoro ya hana, in kina son ta ki kawo mata ƙwan zabi." Ba wanda ya yi fushi. Mai jinya yana bukatar mutum ɗaya a gida mai iya cewa a'a a madadinsa, don shi kunya ba za ta bar shi ba. Haka shayin majalisa mai zagaye uku, da zoɓo mai zaƙi: a sha ba sukari ko a haƙura. Kuma a fitar masa da nasa ƙaramin kwano, domin a kwanon taro hannu yana bin hannu, ba a sanin abin da aka ci.

Tunda wurin kaɗan ne, abin da ke gina jiki shi ke fara shiga: ƙwai, kifi, kaza, wake, nono. Ana neman giram 60 zuwa 80 na furotin a yini, ƙwai ɗaya kuma yana da kamar giram 6, kun ga sai an dage. Allah ya hore mana kifin Madarunfa da nonon jar akuya da zogale. Ganye ya biyo baya, tuwo ya zo ƙarshe, loma ɗaya ko biyu. A tauna har ya zama kamar kunu. Kilishi da tsire da ƙuli-ƙuli suna da tauri, su jira sai likita ya ba da izini.

Magani har abada

Wannan ne mutane suke wasa da shi, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Bayan aiki jiki ba ya tsotsar bitamin B12, sinadarin ƙarfe, kalsiyam da bitamin D yadda ya saba. Dole a sha ƙwayoyinsu kullum har ƙarshen rayuwa, a riƙa gwajin jini sau da yawa a shekarar farko, sannan aƙalla sau ɗaya kowace shekara. Wanda ya bari don ya ji sauƙi, bayan watanni ko shekaru sai ƙarancin jini, mutuwar ƙafa, mantuwa da raunin ƙashi su bayyana. Kafin a sayar da fili a biya kuɗin aiki, a lissafa kuɗin wannan magani na kowane wata.

Akwai kuma maganin da aka hana: ibuprofen da diclofenac da danginsu, waɗanda muke saye don ciwon jiki. Suna haddasa gyambo a sabon tumbi. Maganin sukari da na hawan jini kuwa likita zai rage su yayin da nauyi ke sauka, kada mutum ya rage da kansa, kada kuma ya ci gaba da tsohon adadi ba tare da awo ba.

Mata su jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Ku lura, haihuwa takan buɗe wa wadda ta daɗe ba ta samu ba da zarar ta fara ramewa, don haka a yi maganar tazara da maigida da ungozomar asibiti tun da wuri. Gashi yakan zube tsakanin wata na uku da na shida, yana kuma dawowa. Azumin da ya zo cikin watannin farko, a tambayi likita kafin a ɗauka. Alkur'ani a Suratul Baƙara ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki.

Alamun da ba a kwana da su

Ku koyi ƙirga bugun zuciya: yatsu biyu a wuyan hannu, ido a kan agogon waya, minti ɗaya cur. Idan ya wuce 120 mutum yana zaune, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, domin sau da yawa ita ce alamar farko cewa ɗinki yana yoyo a ciki. Haka zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciwo a kafaɗar hagu, numfashi sama-sama, kumburin ƙafa ɗaya, aman jini ko baƙin bayan gida. Kada a ce zazzaɓin sauro ne a sayi magani a zauna. Amai da ya ƙi tsayawa kwana biyu shi ma na asibiti ne, don yana ƙarar da bitamin B1, rashinsa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa. A riƙe takardar aikin a nuna wa duk ma'aikacin da aka tarar.

Aikin aji

Wani magidanci yana da kilo 95, tsawonsa mita 1,70, ba shi da sukari ko hawan jini. Ku fitar da IMC ɗinsa, ku faɗa ko ya kai ƙa'idar 40. Sannan kowa ya kama wuyan hannun na kusa da shi ya ƙirga bugun minti ɗaya, ya rubuta adadin a littafinsa. A ƙarshe mutum biyu su fito gaba: ɗaya gwaggo ce da ƙwaryar fura, ɗaya mai jinya. Mu ji da waɗanne kalmomi za a mayar da furar ba tare da an ɓata wa gwaggo rai ba.