Ga wanda ya shigo ajin fiziks a makare

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ɗaliban da kuka sauya makaranta zuwa Jos a tsakiyar zango, kuka tarar aji ya yi nisa, don Allah kada ku fara da kwafe littafin abokinku daga farko har ƙarshe. Takarda za ta cika, kai bai ɗauki komai ba.

Ku fara da ma'auni, domin a nan maki ya fi zubewa. Tsawo da mita, lokaci da sakan, giram kuma a raba shi da 1000 ya koma kilogiram. A ce mota ta taso daga Bukuru tana gudun kilomita 72 a awa. Sai an raba da 3.6 tukuna, ya zama mita 20 a sakan. Direba ya taka birki, ta tsaya cikin sakan 4. A zuba a v = u + at (v gudun ƙarshe, u gudun farko, a sauyin gudu a kowane sakan, t lokaci): 0 = 20 + 4a, a = −5. Alamar ragin daidai take, tana nuna gudun raguwa yake yi. Wanda ya sa 72 kai tsaye, −18 zai samu, aikin duk ya lalace.

Daga nan ku koyi juya fomula, kamar fitar da t ko m (nauyi), kafin ku taɓa sabon babi.

Ku duba kalkuleta ma. Danna sin 30. In ba ta ba da 0.5 ba, a wani saiti take kamar RAD, mayar da ita DEG, wato auna kusurwa da digiri.

Ku roƙi malam jerin babukan da aka wuce, kullum ku warware tsoffin tambayoyin WAEC guda biyar a kan babi ɗaya, da biro a hannu.