Kar ƙarfe ya zauna kan jiƙaƙƙen daɓen katakon oak

'Yan uwa masu daɓen katakon oak mai haske, ku manna roba a ƙafafun kujeru da teburan ƙarfe kafin ku goge ƙasa da ruwa.

Oak na da sinadarin tanin da yawa. Da ruwa ya haɗa shi da ƙarfe, sai baƙin tabo ya fito, ga katakon fari, ba ya ɓoyuwa. Ni bokitin ƙarfe na bari ya kwana da jiƙaƙƙen gindi, na wayi gari da baƙin zobe a tsakar falo. Wallahi ya ƙona min rai.

Robar ba ta hanawa in ruwa ya taru ya taɓo ƙarfen, sai kun ɗaga kun tsane wurin.

Tabon da ya riga ya kama kuwa, sabulu ba ya fitar da shi. Sai an kankare an shafa asid ɗin oksalik, wani sinadari mai cire irin wannan tabon daga katako.