Yadda Ake Rage Zafin Tsohuwar Kwamfuta ta Hanyar Saita Gudun Furosesa

Duk wanda ya sayi tsohuwar laftof a kasuwar gwanjo ta Haraj na Sawarikh da ke Jidda ya san halinta da bazara: fanka na ihu, ƙasanta ya ɗau zafi, can kuma ta mutu kana tsakiyar aiki. Sau da yawa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ce ke gudu iya ƙarfinta alhali wasiƙa kawai kake bugawa. Tun shekarar 2000 Intel ta fito da SpeedStep, AMD kuma da PowerNow!, daga baya Cool'n'Quiet. Aikinsu shi ne rage gudu da ƙarfin wutar da ke shiga furosesa idan aiki ya yi sauƙi.

Fara da BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta buɗe. Da ka kunna, danna F2 a Dell, F10 a HP, Delete a yawancin na tebur. Nemi SpeedStep ko EIST ko Cool'n'Quiet, ka mayar da shi Enabled, ka adana ka fita.

Idan Windows 7 ta buɗe, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta powercfg.cpl, ka danna Enter. Wannan ya fi sauƙi a nan, tunda yawancin kwamfutocin da muke samu Windows ɗinsu da Larabci take. Zaɓi Balanced, shiga Change plan settings, sannan Change advanced power settings, ka gangara zuwa Processor power management. Minimum ka sa 5%. Maximum kuwa, a ɗakin da ba mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), ni 80% nake sawa. Wajen rubutu da karatu da wuya ka ji bambanci. Mai Core i5 ko i7, 99% kaɗai ya isa ya kashe Turbo Boost, wato ƙarin gudun da furosesa ke yi da kanta, zafi ya ragu sosai. Mai Windows XP ya zaɓi Minimal Power Management, idan AMD ce sai ya sa mata direbanta.

Sai gwaji. Sauke manhajar CPU-Z ka zuba wa Core Speed ido, wato lambar da ke nuna gudun furosesa. Core 2 Duo E8400, misali, tana sauka daga 3000 MHz zuwa 2000 idan ba ta aiki. In lambar ta ƙi motsi, koma BIOS. Tsofaffin Pentium 4 na tebur da yawa ba su da wannan fasahar, kada ka wahalar da kanka. Buɗe su ka kakkaɓe ƙurar fanka, ka sake man da ke saman furosesa.