Abincin mai allura da na mai ƙwayar tazarar haihuwa

Shekarata tara ina aiki a ɗakin tazarar haihuwa na wani ƙaramin asibiti a Gombe, kuma da wuya a tashi aiki wata ba ta rage murya ta ce, "Anti, wai allurar nan tana shanye jini?" Ba ta shanyewa. Allura da ƙwaya ma rage jinin al'ada suke yi a wurin yawancin mata, wanda kuma taimako ne ga mai ƙarancin jini. Abin da na fi damuwa da shi a kan mai allura shi ne ƙashinta.

Alluran tazara na Depo da Sayana Press, waɗanda ake yi duk bayan mako 13, suna rage estirojin, sinadarin jikin mace da ke taimaka wa ƙarfin ƙashi, sai ƙashi ya ɗan yi rauni. Yakan farfaɗo idan aka daina, amma kada ki zauna jiran wannan. Ki riƙa shan kindirmo ko da ludayi biyu ne kullum. Miyar kuka da kike rainawa tana da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, haka zogale da riɗi. Ƙananan busassun kifin Dadin Kowa kuwa, ki daka su da ƙayarsu ki zuba a miya, don amfanin yana cikin ƙayar. Idan ba kya fita, ki zauna a tsakar gida da hantsi rana ta taɓa ki, don ita ke sa jiki ya samar da bitamin D, kuma sai da bitamin D jiki ke karɓar kalsiyam ɗin.

Allurar tana buɗe wa wasu ciki. Wata 'yar Pantami ta rantse mini ba ta ƙara cin komai ba, da muka bi lissafi sai ga lemon kwalba biyu kullum da cincin bayan la'asar. Ki hau sikeli duk ranar allura, a rubuta miki a kati.

Mai ƙwaya kuma, bitamin B6 da B12 da folik asid na iya ɗan raguwa a jininta. Wake, gyaɗa, ƙwai, alayyafo da hanta sau ɗaya a mako sun isa, ba sai kin kwashi kuɗi kin kai kemis ba. Idan katinki mai ƙwaya 28 ne kuma bakwai na ƙarshe ruwan ƙasa ne, kada ki zubar, yawanci maganin ƙarin jini ne. Shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarin jini, don haka ki bari sai awa ɗaya bayan cin abinci. Ki matsa lemon tsami a kwaɗon zogale ko ki bi da gwaiba.

Idan ashanar hannu, wato maganin tazarar da ake sakawa a ƙarƙashin fatar damtse, ta sa jini yana ta ɗiga har kina jin jiri, ki zo a auna jininki, zoɓo ba zai tsayar da shi ba.

Ranar da ku da maigida kuka yanke shawarar sake haihuwa, ki fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin ki ajiye ƙwayar. Lakar bayan jariri tana haɗuwa ne a makonni huɗun farko, lokacin da ke kanki ba ki san ciki ya shiga ba.